DAMMUNA A MASUSSUKA: SHIRIN ALLAH DA AL'UMMAI BA SU SANI BA

Darasin Nazarin Littafi Mai Tsarki
Karatu: Mika 4:9-13

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da masu bi suke yi tun zamanin annabawa, har wa yau kuwa ba ta tsufa ba. In Allah ne yake mulkin duniya, don me yake barin masu ƙarfi su tattake marasa ƙarfi shekara da shekaru, shi kuma ya yi kamar bai gani ba? Annabi Habakuk ya yi wannan tambaya (Habakuk 1:2-4). Asaf ya yi ta a Zabura ta 73. Rayukan waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna yin ta a ƙarƙashin bagade (Wahayin Yahaya 6:9-10). A ƙasarmu ma an yi ta da hawaye: a Kaduna cikin shekarar 2000, a Jos cikin 2001, da kuma a Chibok cikin watan Afrilu na 2014, sa'ad da aka sace 'yan makaranta mata 276 a dare ɗaya.

Annabi Mika ya ba da amsa a sura ta 4, aya ta 11 da ta 12. Al'ummai masu yawa sun taru gāba da Sihiyona suna jiran su ga faɗuwarta. Amma annabin ya ce ba su san abin da yake cikin zuciyar Ubangiji ba, ba su kuma gane shirinsa ba, gama shi ne ya tattaro su yadda manomi yake tattara dammuna a masussuka.

A wannan darasi za mu bi ƙa'idar nan ta barin Nassi ya fassara Nassi. Za mu ɗauki maganar Mika, mu ajiye ta kusa da sauran wuraren da suke magana a kan abu ɗaya. Muna roƙon mai karatu ya buɗe kowane wuri ya karanta da kansa. Wanda yake riƙe da tsohuwar fassara ta 1932 zai sami Maimaitawar Shari'a da sunan Kubawar Shari'a, Wahayin Yahaya kuma da sunan Ru'ya ta Yohanna.

1. Mika da zamaninsa

Mika mutumin Moreshet ne, wani ƙauye a kudu maso yammacin Urushalima. Ya yi annabci a zamanin sarakuna uku na Yahuza, wato Yotam, da Ahaz, da Hezekiya (Mika 1:1). A kwanakin nan Assuriya ce babbar daular duniya. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu ta ci Samariya, ta kwashe mutanen mulkin arewa zuwa bauta. Yahuza ta ragu ita kaɗai, 'yar ƙaramar ƙasa a bakin zaki.

Mu lura da abu guda kafin mu ci gaba. Mika bai fara da zunubin Assuriya ba. Ya fara da na mutanensa. Ya tsauta wa masu kwana suna ƙulla yadda za su ƙwace gonaki da gidajen talakawa (2:1-2). Ya ce shugabanni suna yanke shari'a don cin hanci, firistoci suna koyarwa don lada, annabawa suna duba don kuɗi, duk da haka suna cewa Ubangiji yana tare da su (3:11). Saboda haka ya ce za a nome Sihiyona kamar gona (3:12). Wannan magana ta yi nauyi ƙwarai, har wajen shekara 100 bayan haka dattawan ƙasar suka tuna da ita a shari'ar Irmiya, suka ce Hezekiya ya ji tsoron Ubangiji sa'ad da ya ji ta, Ubangiji kuwa ya janye masifar (Irmiya 26:17-19).

Ashe alkawarin da yake cikin sura ta 4 an yi shi ne ga mutanen da aka riga aka gaya musu laifinsu. Mika ya ma faɗa musu cewa za su tafi Babila, kuma a can ne Ubangiji zai fanshe su (4:10).

2. Abin da al'ummai suke gani, da abin da ba su gani

Duk wanda ya yi noma ya san masussuka. Bayan an girbe dawa ko gero, a kan ɗaure su dami dami, a kai su wuri ɗaya mai tauri da aka share. A ƙasar Isra'ila a kan sa shanu su tattake hatsin, ko su ja wani katako mai haƙoran dutse ko na ƙarfe a kansa, sa'an nan a sheƙe da iskar yamma, tsaba ta zauna, ƙaiƙayi ya tafi. Dami ba ya kai kansa masussuka, mai gona ne yake kai shi. Wannan shi ne hoton da Mika ya ba mu. Rundunonin da suka kewaye Sihiyona suna tsammani da ƙafarsu suka zo, alhali kuwa kawo su aka yi.

Ishaya, wanda ya yi zamani ɗaya da Mika, ya bayyana wannan a sura ta 10. Ubangiji ya kira Assuriya sandar fushinsa, ya ce shi ne ya aike ta (10:5-6). Amma aya ta 7 ta ce ita Assuriya ba haka take nufi ba, abin da yake zuciyarta shi ne ta hallaka al'ummai masu yawa. Aiki ɗaya ne, amma nufi biyu ne. Haka Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa, cewa su sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri da abin, domin a ceci rayuka masu yawa (Farawa 50:20).

Tarihi ya nuna mana yadda abin ya faru. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa Yahuza yaƙi. Rubutun da ya bari a kan yumɓu yana nan har yau, inda ya yi fariya cewa ya ci birane masu garu 46, ya kuma kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Ya sa aka sassaƙa hoton cin birnin Lakish a bangon fadarsa a Nineba. An tono waɗannan duwatsu a tsakiyar ƙarni na 19, kusa da birnin Mosul na ƙasar Iraƙi, suna kuma ajiye a gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Amma duk da yawan fariyarsa, Sennakerib bai ce ya ci Urushalima ba. Littafin 2 Sarakuna 19:35-36 ya ba mu dalili: mala'ikan Ubangiji ya kashe mutum 185,000 a sansaninsa a dare ɗaya, shi kuma ya koma Nineba. Bayan shekara 20, a 681, 'ya'yansa suka kashe shi.

Amsar da Ubangiji ya ba Sennakerib ta bakin Ishaya ita ce, tun da daɗewa ya shirya wannan abu, yanzu ne kawai ya sa ya faru (Ishaya 37:26). Sarkin yana lissafin biranen da ya ci, bai san an riga an ƙayyade masa iyaka ba.

3. Sanda ba ta tsira don an yi aiki da ita

Wani zai ce, in Allah ne ya aiki Assuriya, ina laifinta? Ishaya ya amsa da misalin gatari da ba shi da ikon yi wa mai sara da shi fariya (10:15). Ya kuma ce sa'ad da Ubangiji ya gama aikinsa a Sihiyona, zai hukunta sarkin Assuriya saboda girmankansa (10:12). Allah ya yi amfani da muguntar Assuriya, amma ba shi ya sa muguntar a zuciyarta ba, bai kuma yafe mata ba don ta yi masa amfani. A shekara ta 612 Babila da Mediya suka haɗa kai suka rushe Nineba, kamar yadda annabi Nahum ya faɗa.

Haka ya faru da Babila. Ubangiji ya kira Nebukadnezzar bawansa (Irmiya 25:9, 27:6), ya ba da Urushalima a hannunsa a shekara ta 586. Wannan ne ya dami Habakuk, har ya tambayi Allah yadda zai yi shiru sa'ad da mugu yake haɗiye wanda ya fi shi adalci (1:13). Amma a sura ɗaya da aka kira Nebukadnezzar bawa, an ce bayan shekara 70 za a hukunta Babila (Irmiya 25:12). Irmiya ya ma ɗauki hoton Mika ya ɗora a kanta, ya ce Babila kamar masussuka take a lokacin da ake daɓe ta, girbinta ya kusa (51:33). A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya kuma ba Yahudawa izini su koma su gina Haikali (Ezra 1:1-4).

Labarin Sairus abin lura ne. A shekara ta 1879 aka tono wani rubutunsa a kangon Babila, inda ya ba Marduk, gunkin Babila, yabon nasararsa. Ishaya 45:1-5 kuwa ya ce Ubangiji ne ya riƙe hannun damansa, ya kira shi da sunansa, ko da yake shi Sairus bai san Ubangiji ba. Ashe har sarkin da ya yi wa jama'ar Allah alheri bai san hannun da yake bi da shi ba.

4. Don me hukunci yake jinkiri, a kan me kuma ake yinsa?

Nassi ya ba mu dalilai biyu na jinkirin. Na farko, Allah ba ya hukunci sai mudu ya cika. Ya gaya wa Ibrahim cewa zuriyarsa za su yi shekara 400 a baƙuwar ƙasa, gama muguntar Amoriyawa ba ta kai iyaka ba tukuna (Farawa 15:13-16). A Maimaitawar Shari'a 32:34-35 ya ce ayyukan maƙiya suna ajiye a wurinsa, a hatimce cikin taskarsa, ramako kuma nasa ne. Abin da mutane suka manta, ko abin da kotu ta kasa bincikawa, bai ɓace ba. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Na biyu, jinkirin ƙofa ce ta tuba. Ubangiji ya gaya wa Irmiya a gidan maginin tukwane cewa in ya yi shelar hallaka a kan wata al'umma, ita kuwa ta juyo daga muguntarta, zai janye masifar (Irmiya 18:7-8). Nineba ɗin nan da aka rushe a 612 ta taɓa tuba a zamanin Yunusa, aka kuwa bar ta, har Yunusa ya ji haushi (Yunusa 3:10-4:2). Manzo Bitrus ya ce abin da waɗansu suke kira jinkiri haƙuri ne, domin Allah ba ya so kowa ya hallaka (2 Bitrus 3:9).

A kan me ake hukunta al'ummai? Mu duba Amos sura ta 1 da ta 2. An hukunta Dimashƙu saboda ta sussuke mutanen Gileyad da ƙarfe. An hukunta Gaza da Taya saboda sun kwashe garuruwa ɗungum sun sayar bayi. An hukunta Ammon saboda ta tsage mata masu ciki don ta faɗaɗa iyakarta. An hukunta Mowab saboda ta ƙone ƙasusuwan sarkin Edom, wanda ba Ba'isra'ile ba ne. Wannan ya nuna Allah yana bin kadin kowane ɗan adam da aka zalunta, ko daga wace kabila yake, ko wane addini yake bi.

Babu shakka masu sauraron Amos sun ji daɗi sa'ad da yake lasafta maƙwabtansu. Amma na bakwai a jerin Yahuza ce, na takwas kuma Isra'ila, wadda take sayar da adali saboda azurfa, matalauci kuma a bakin takalmi (2:6). Ubangiji ya ce da yake su kaɗai ya zaɓa daga cikin kabilan duniya, saboda haka ne zai hukunta su (3:2). Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Manzo Bitrus ya tabbatar da haka sa'ad da ya ce daga gidan Allah shari'a za ta fara (1 Bitrus 4:17). Ikilisiyar da take roƙon Allah ya hukunta azzalumai, alhali a cikinta ana cin kuɗin baiko, ana ƙwace gonar gwauruwa, ana zaɓen shugabanni bisa ga kabila, tana kiran mai sheƙa ne zuwa masussukarta.

5. Inda shirin ya fi ɓuya, inda kuma ya fi bayyana

Zabura ta 2 ta nuna sarakunan duniya suna haɗa kai gāba da Ubangiji da Shafaffensa. Sa'ad da aka tsorata Bitrus da Yahaya, ikilisiyar farko ta ɗauki wannan zabura cikin addu'a, ta ce ta cika a Urushalima. Hirudus, da Bilatus, da al'ummai, da mutanen Isra'ila sun taru gāba da Yesu, amma abin da suka yi shi ne abin da ikon Allah da nufinsa suka riga suka ƙaddara (Ayyukan Manzanni 4:25-28). Bulus ya ƙara da cewa da masu mulkin zamanin sun gane ɓoyayyiyar hikimar Allah, da ba su gicciye Ubangiji ba (1 Korantiyawa 2:7-8). Wannan ita ce maganar Mika 4:12 a cikakkiyar siffarta. A ranar da mugunta ta yi tsammani ta ci nasara, a ranar ce aka biya bashin zunubin duniya.

Akwai kuma wani sashi na shirin da ko jama'ar Allah ba su zata ba. Bulus ya kira shi asirin da aka ɓoye wa mutanen dā, wato cewa al'ummai abokan gādo ne tare da Isra'ila, gaɓoɓin jiki ɗaya, ta wurin bishara (Afisawa 3:3-6). Annabawa sun hango shi daga nesa. Ishaya ya ce wata rana Ubangiji zai sa wa Masar da Assuriya albarka tare da Isra'ila (19:23-25). Mika da kansa ya buɗe sura ta 4 da hoton al'ummai suna hawa dutsen Ubangiji don su koyi hanyoyinsa, suna mai da kayan yaƙi kayan noma (4:1-3). Manomi ba don ƙaiƙayi yake sussuka ba, tsaba yake nema. Mu da muke karanta wannan darasi da Hausa daga cikin al'umman nan muke. Da Allah ya gaggauta hukunci yadda Yunusa ya so, da bishara ba ta iske kakanninmu ba.

6. Wa zai yi sussukar?

A nan dole mu yi hankali, gama aya ta 13 ta umarci Sihiyona ta tashi ta yi sussuka, an kuma yi mata alkawarin ƙaho na ƙarfe da kofato na tagulla. Mutumin da aka ƙone masa gida, ko aka kashe masa ɗa, zai iya karanta wannan aya ya ce an ba shi izinin ramuwa. Sauran Nassi bai yarda da wannan fassara ba.

A shekara ta 701 ba takobin Hezekiya ne ya kori Assuriya ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki wasiƙar barazana ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji (2 Sarakuna 19:14). Aya ta 13 ɗin kanta ta ce ganimar ta Ubangiji ce, ba a bar wa Sihiyona kome ta ci riba da shi ba. A Sabon Alkawari kuwa Yahaya Maibaftisma ya nuna cewa a hannun Almasihu abin sheƙar yake, masussukar kuma tasa ce (Matiyu 3:12). Sa'ad da barori suka nemi izini su tuge ciyawa daga cikin alkama, maigidan ya hana su, don kada su tuge har da alkamar (Matiyu 13:28-30). Yesu ya tsauta wa Yakubu da Yahaya da suka so su kira wuta a kan ƙauyen Samariyawa (Luka 9:54-55). A Wahayin Yahaya 14:14-16, wanda yake riƙe da lauje shi ne mai kama da Ɗan Mutum. Bulus kuma ya koma ga Maimaitawar Shari'a 32:35 ya ce kada mu rama, mu ciyar da maƙiyinmu in yana jin yunwa, mu rinjayi mugunta da nagarta (Romawa 12:19-21).

Wannan bai hana mu neman adalci ba. Allah ya ba hukuma takobi don ta hukunta mai aikata mugunta (Romawa 13:4), wajibi ne kuma ikilisiya ta tuna wa hukuma wannan aiki ba da tsoro ba. Bulus da kansa ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasa, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar (Ayyukan Manzanni 25:11). Amma tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko harshensa, wannan shi ne ainihin laifin da aka hukunta Ammon da Mowab a kansa. Wanda ya yi haka ya mai da kansa dami.

7. Abin da aka ɓoye mana mu ma

Ba al'ummai kaɗai aka ɓoye wa abu ba. Musa ya ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana kuwa namu ne da 'ya'yanmu, domin mu yi biyayya (Maimaitawar Shari'a 29:29). An bayyana mana cewa Allah ya tsai da ranar da zai yi wa duniya shari'a ta wurin wanda ya tasa daga matattu (Ayyukan Manzanni 17:31). An bayyana mana ma'aunin, wato yadda aka yi da mayunwaci, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku (Matiyu 25:31-46). Amma ranar da sa'ar ba a ba mu ba (Matiyu 24:36, Ayyukan Manzanni 1:7).

Duk wanda ya ƙetare wannan iyaka ya sha kunya. A Amurka mabiyan William Miller sun jira dawowar Almasihu ran 22 ga Oktoba, 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping ya sa ranar 21 ga Mayu, 2011, waɗansu suka kashe dukiyarsu wajen shelar ranar, ita ma ta wuce. Haka nan mu yi hankali da masu cewa sun san zunubin da ya jawo kowace ambaliya ko annoba. Yesu ya ƙi wannan lissafi game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce masu tambayar su tuba (Luka 13:4-5). Bulus, wanda aka bayyana wa asirai da yawa, ya ƙare bayaninsa da cewa hukuntan Allah sun fi gaban bincike (Romawa 11:33).

Kammalawa

Ƙaunatattu cikin Ubangiji, Habakuk bai ga faɗuwar Babila ba sa'ad da ya rubuta littafinsa. An gaya masa ya jira, gama wahayin yana da lokacinsa, mai adalci kuma ta bangaskiya zai rayu (2:3-4). Da wannan kaɗai ya iya cewa zai yi murna da Allah ko da gonaki ba su ba da amfani ba, ko da garke ya ƙare (3:17-18). Mu an ba mu fiye da abin da aka ba shi, gama mun ga gicciye da kabarin da ba kowa. Saboda haka bari mu tsarkake gidanmu, mu faɗi gaskiya a gaban masu mulki, mu riƙe hannunmu daga ramuwa, mu ci gaba da shelar bishara ga kowace kabila tun ƙofa tana buɗe.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Ishaya 10:5-15, yaya Allah zai yi aiki da muguwar al'umma, ya kuma hukunta ta, ba tare da ya yi rashin adalci ba?
2. Waɗanne laifofin da Mika 3:9-11 ya ambata ne muke gani a ikilisiyarmu da garinmu? Me ya kamata dattawa su yi?
3. Me za ka gaya wa saurayin da ya kawo maka Mika 4:13 yana neman izinin ramuwa?
4. Ina bambanci tsakanin neman adalci da ɗaukar fansa?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Mai mulkin al'ummai, ka ba mu bangaskiya mu dogara gare ka a inda ba mu gane ba, ka ba mu biyayya a inda ka bayyana mana. Ka ta'azantar da masu makoki, ka juyo da zukatan azzalumai tun ba su makara ba, ka kuma fara tsarkakewa daga cikinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.